Yadda Aka Gyara wa Nasidi Keke

A duk garin Shinkafi babu wanda bai san Nasidi ba, kuma ba don wata bajinta da ya taɓa yi ba, sai don bakinsa. In Nasidi ya sayi agogo, kafin azahar za ka ji cewa guda biyu kacal aka ƙera irinsa, ɗayan yana hannun wani attajiri a ƙasar Larabawa. In mura ta kama shi, to ba irin murar talakawa ba ce. Mutane sun saba, suna jin sa kamar rediyon maƙwabci, ba kai ka kunna ba, kuma ba ka da ikon kashewa. Wadda ta kasa sabawa ita ce matarsa Mardiyya, domin ita ɗaki ɗaya take kwana da rediyon.

Sana'arsa kabu-kabu, kuma babur ɗin nan shi ke kawo gero gidan. Wata Talata ya ɗauki fasinja zuwa Kaura Namoda, da la'asar sai ga shi ya dawo a mota, babu babur, ya rungumo wani dunƙulen ƙarfe yana ta murmushi.

"Ina babur?" in ji Mardiyya.

"Babur ya tahi da zamaninai. Mai ya yi tsada, masu hankali sun bar wagga wahala. Matsa ki ga ikon Allah."

Ya ajiye ƙarfen a tsakar gida, ya ja nan, ya buɗe can, ya danna wata 'yar sakata a tsakiya, ƙas! Sai ga keke tsaye, da ƙananan tayoyi kamar faifan rufe tukunya, da sirdi mai dogon wuya. Keke ne mai ninkewa, wurin wani mai kayan gwanjo ya samo shi. Nan take ya shimfiɗa mata shirinsa. Zai zama mai kai saƙo tsakanin Shinkafi da Kaura da Zurmi. Inda mota ke zuwa, ya ninke kekensa ya ɗora a cinya. Inda mota ta tsaya, ya buɗe ya kutsa Badarawa ko Galadi, ba mai, ba makanike.

"To hwasinja hwa, ina za shi zamna? Ko kariyar zama a baya babu."

"Wane hwasinja? Na wuce ɗaukar mutane, saƙo nika ɗauka yanzu."

"Saƙon wa?"

"Suna nan tahe."

Kwana tara ba su zo ba. Nasidi ya cinye kwanakin a majalisa, yana ninkewa yana buɗewa, yana buɗewa yana ninkewa. Mardiyya ta haƙura da tuwo ba man gyaɗa, ta haƙura da keke a kan tabarmarta don kada raɓa ta taɓa shi. Amma a rana ta goma ta ji a gidan suna cewa wai ita ce ta yi ta kuka tana roƙon mijinta ya sayar da babur ya sayo keken zamani. Nasidi ne ya faɗa da bakinsa, a gaban mutum ashirin. Ta dawo gida ta ɗaure kayanta a zane.

"Ba yunwa tak kore ni ba, Malam, bakinka ne," ta ce masa daga bakin ƙofa. "Na tahi Zurmi gidanmu. Ran da ka iya yin shiru sau guda gaban mutane, ka zo biko."

Gaskiya ita ce tafiyar ta yi masa ciwo. Yana son matarsa, kuma gidan ya yi masa faɗi, ga shi babu mai sauraro. Mako guda ya yi yana juyi. Sai dai kan Nasidi ba ya ajiye magana yadda aka ba shi ita. Da ya gama tunaninsa, abin da ya gano shi ne mutanen Zurmi ba su ga keken ba ne kawai. Mahaifin Mardiyya, Malam Sufyanu, mai walda ne, mutumin da ya san ƙarfe. Ran da ya ga keke ya shige buhu a gaban jama'a, shi da kansa zai ce wa 'yarsa ta tashi ta bi mijinta.

Da sassafe ya zuba babbar rigarsa ta aure, ya haye keke ya nufi tasha. Auwalu ɗan kamasho na ganin sa ya warware igiya.

"Kawo shi nan a ɗaure bisa but ɗin mota, akwai wuri kusa ga akuyar ga."

"Auwalu, wanke bakinka. Wanga keke tun da anka ƙera shi igiya ba ta taɓa jikinai ba. Ran da kag ga an ɗaure shi bisa but, ka kira ni da duk sunan da kaka so."

"Na riƙe," in ji Auwalu.

Nasidi ya jira sai da mutane suka taru, sannan ya zare sakata ya haɗa keken da ƙarfi. Ya ninku kuwa, tsaf. Abin da ya rage shi ne ya ninku da gaban babbar riga a cikin gaɓarsa. Ya ja, ta ƙi. Ya murɗa, ta ƙara shigewa. Direba ya danna hon, fasinjoji suka fara tsaki. Ba yadda ya iya, haka ya shiga mota a sunkuye, shi da keke sun zama abu ɗaya, aka tura ƙofa da gwiwa aka rufe.

Mutum huɗu ne a baya. Kusa da shi wata tsohuwa ce, Inna Hindu, za ta Kaura da kaji biyu a cinya. Feda ta sami haƙarƙarinta ta zauna. Tsohuwa ta dubi ƙarfen, ta dubi Nasidi da tausayi.

"Ɗan nan, Allah shi ba mai shi lahiya. Tun haihuwa ne, ko hatsari yay yi?"

"Wa, Inna?"

"Gurgun da kaka kai ma keken."

"Inna, wanga ba keken guragu ba ne! Keken manyan matahiya ne. Can inda anka yi shi, da shi aka shiga jirgin sama."

"Ikon Allah. Guragun can har jirgi suka shiga?"

Daga nan har Kaura Nasidi bai haɗiyi yawu ba. Ya yi bayanin taya, ya yi na sarƙa, ya yi na sirdi. Inna Hindu ta yi barci ta farka, ta sake yi ta farka. Da za ta sauka ta dafa kafaɗarsa ta ce in ya isa ya gaida mai jiki.

A Kaura sai an canza tasha kafin a sami motar Zurmi, kuma nan ne Nasidi ya shirya nuna wa duniya amfanin kekensa. Ya buɗe shi da ƙarfi, riga ta ce kyat, wani yanki ya zauna a cikin gaɓa. Ya danna sakata, bai ji ƙas ɗin nan ba. Ya san bai ji ba. Amma idanu na kansa, kuma Nasidi bai taɓa duba abu sau biyu a gaban mutane ba. Ya haye abinsa.

Bai yi nisa ba sai ga tsofaffin abokan sana'arsa 'yan kabu-kabu, sun jeru a inuwa.

"Kai, ga Nasidi! Keken wane yaro kak ƙwato?"

"Nasidi, ɗaga ƙahwa, gwiwarka na share hanya!"

Ya kaɗa musu ƙararrawa, ya ƙara wuta. Ƙananan tayoyi suna ta juyi, babbar riga ta cika da iska, har ya saki hannu ɗaya yana ɗaga musu. A nan ramin ya same shi. Keke ya tuna da sana'arsa, ya ninke. Tayar gaba ta zagayo ta gaida ta baya, Nasidi ya yi kewaye biyu a tsakiyar titi yana salati, sannan shi da keke suka tafi gaba ɗaya cikin tulin kankanar wani mutum mai suna Sanusi. 'Yar sakata kuwa ta yi tsalle ta faɗa kwata, ba a sake ganin ta ba.

Ya miƙe, 'ya'yan kankana a gemu, hula a gefe guda.

"Da gangan ne," ya ce wa jama'a. "Haka masu shi ka tsayawa in suna sauri."

Sanusi ya so ya yi faɗa, dariya ta hana shi. Sai da ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki, daga baya ya miƙa wa Nasidi rabin kankanar da ya fasa da kai, ya ce ya ƙarasa da baki. Wani mai faci da ke gefe ya jawo keken, ya yanko roba daga tsohon tib ya ɗaure gaɓar tam.

"Gadon bayanai ya karye," in ji mai faci. "Ka kai shi walda."

Nasidi ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. "Walda? Kai, jahilci bai yi ba. Wagga gaɓa ita ce keken gaba ɗai. Duk wanda yas sa mata wuta ya kashe shi."

Da hantsi ya isa Zurmi. Ya turo keke har ƙofar gidan surukinsa, inda rumfar walda take manne da zaure. Malam Sufyanu dattijo ne mai ƙarancin magana, shekara talatin yana haɗa ƙarfe, kuma an san shi da hali ɗaya: ba ya iya ganin abu a karye ya wuce. Nasidi ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Duk surutunsa, ya san ba a buɗe wa suruki baki a yi masa tallar kaya. Shi ya sa ma ya shirya tara jama'a a ƙofar gida, dattijo ya gani daga rumfarsa ba sai an gaya masa ba.

Bayan gaisuwa Malam Sufyanu ya daɗe yana kallon keken, da robar da ke tsakiyarsa, da yagaggiyar riga.

"Da wanga kaz zo?"

"Da shi, Baba."

"Tun daga Shinkahi?"

"Awo, Baba."

"Allah sarki," in ji dattijo. Ya ce a bar maganar biko sai bayan la'asar.

Nasidi ya jingine keke a zaure ya fito zuciyarsa fari ƙal. Ai ka ji, tun bai ga an ninke ba ma ya ce Allah sarki. Ya nemi buhun gero wanda babu komai ciki, ya saɓa a kafaɗa, ya nufi gindin wata darbejiya a ƙarshen layi inda majalisa take. Kafin a yi azahar ya gaya musu keken ya fi babur gudu a gangare. Bayan azahar ya ƙara da cewa a Kaura sai da mutane suka tare hanya don kallo, har wani ya ba shi kyautar kankana. Can daga wajen gidan surukinsa inji ya tashi, ana jin ƙarar walda tana tsartsatsi.

"Kun ji surukina ko?" in ji Nasidi. "Aiki ba ya ƙare mishi. To shi kanshi yau zai ga ƙarhen da bai taɓa gani ba. Bayan la'asar ku taho. In ƙirga goma, keke shina cikin buhun ga."

Salim mai aski, wanda tun ɗazu yake wasa aska yana saurare, ya ɗago kai. "In bai shiga ba hwa?"

"In bai shiga ba, ni in shiga!"

"Jama'a kun ji," in ji Salim.

Bayan la'asar layin ya cika. Masu dawowa daga masallaci suka tsaya, mata suka leƙo ta kan katanga. Nasidi ya hangi labulen ƙofar zaure yana motsi, ya ga gefen wani mayafi ruwan goro da ya sani sarai. Mardiyya na kallo. Ya gyara hula, ya shiga ya turo keke, bai ko dube shi ba, idonsa na kan jama'a. Ya dai ji ya ɗan ƙara nauyi, ya ce a ransa gajiya ce.

"Salim, riƙe bakin buhu. Ɗaya!"

Ya kai hannu zai kwance roba, babu roba. Ya ce to, an rage masa aiki.

"Biyu! Ukku!"

Ya kama kai da sirdi ya haɗa. Keke bai motsa ba. Ya sake haɗawa har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Huɗu," in ji jama'a, sun karɓe masa ƙirga.

Ya sa gwiwa a tsakiya ya ja. Biyar. Ya kwantar da keke ya hau kai ya yi tsalle. Shida. Ya kira ƙarti biyu, ɗaya ya kama gaba ɗaya ya kama baya, suka tura har suka yi karo da goshi. Bakwai, takwas. Hula ta faɗi, ragowar babbar riga ta naɗe a feda. A tara ne ya durƙusa ya duba gaɓar da kyau. Babu gaɓa. Inda take a da, wani kauri ne na walda, an goge shi sumul an shafa baƙin fenti, ko bushewa bai gama ba. Wuyan kan keke ma haka, wuyan sirdi haka, har feda. A baya kuma ga sabuwar kariya ta rodi, mai faɗi.

"Goma!" in ji Zurmi gaba ɗaya.

Ran Nasidi ya ɓaci. Babur ɗinsa ya tafi saboda wannan gaɓar, matarsa ta tafi saboda ita. Ya miƙe, ya cika ƙirji da iska.

"Wane..."

"Ni ne," in ji wata murya a bayansa.

Malam Sufyanu ne ya fito daga rumfa, baƙin tabarau a goshi, yana goge hannu da tsumma. Fuskarsa cike da farin ciki, irin wanda Nasidi bai taɓa gani a kanta ba.

"Na ga ya karye wuri huɗu, kana ɗaure shi da roba, kuma kunya ta hana ka hwaɗi. Nac ce mijin ɗiyata ba ya yawo bisa karyayyen keke ina raye. Ƙohwar wani nika yi, na aje ta. Yanzu ko raƙumi yat taka shi ba ya lanƙwasa." Ya dafa kariyar, a babban yatsansa akwai sabon ƙuna. "Wagga kuma don ita ta samu wurin zama."

Salim mai aski, wanda Allah bai halicce shi da barin magana ta wuce ba, ya karkata kai.

"To Nasidi, hwaɗa muna gaskiya. Da ma ninkewa shikai Baba yal lalata ma, ko karyayye ne Baba yag gyara?"

Amsar tana bakin Nasidi, cikakkiya, da bayanin taya da na jirgin sama da sunan mai gwanjo. Kalma goma ta ishe shi ya wanke kansa, dariya ta koma kan tsoho. Ya dubi jama'a, ya dubi yatsan nan mai ƙuna, ya dubi mayafi ruwan goro a bayan labule. Sannan ya durƙusa a gaban surukinsa.

"Karyayye ne. Baba ya gyara. Allah shi saka da alheri, Baba."

"Madalla," in ji Salim, ya buɗe bakin buhu. "Bismillah."

Nasidi bai ce uffan ba. Ya tattare abin da ya rage na riga, ya sa ƙafar dama, ya sa ta hagu, ya tsuguna, Salim ya ja buhu har wuya. Dariyar da aka yi ranar sai da ta tashi tantabarun unguwa. Wani dattijo ya faɗo daga benci, mata a kan katanga suna riƙe juna. Malam Sufyanu kaɗai ne bai gane ba, yana ta tambaya, "Mi shikai cikin buhu? Al'adar Shinkahi ce?"

Ana cikin haka labule ya buɗe. Mardiyya ta fito da ƙullin kayanta a ka, idonta ya yi ja, ba a san ko na dariya ba ne ko na wani abu. Ta tsaya a gaban buhun ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Hito, Malam, ka ɗaukar mani kaya. Tun da anka ɗaura muna aure ban taɓa jin shirunka ba sai yau."

Washegari da hantsi motar Kaura ta shigo tashar Shinkafi. A kan but, kusa da wata akuya, ga keke an yi masa ɗaurin igiya uku. Auwalu ɗan kamasho ya zagaya shi sau biyu, a hankali, yana jin daɗin ransa. Labari kuwa ya riga mota isowa.

"Sannu da zuwa, Na-Buhu," ya ce.

Nasidi ya buɗe baki, Mardiyya ta yi gyaran murya, ya rufe. Ya kwance igiya da hannunsa, ya ɗaure ƙullin kaya a gaba, ta hau kariya ta zauna daram. Suka bi ta cikin kasuwa, suka faɗa rami biyu, keke ko gezau. Sai da suka kusa gida ya kasa daurewa, ya waiwayo ya yi raɗa.

"Amma dai kin san duk Zamfara babu mai walda kamar Baba."

"Wagga kam," in ji Mardiyya, "ɗaga murya ka hwaɗe ta."